SALANSAR MAIGIDANA

Na san wata tana ganin kan wannan rubutu za ta taɓe baki ta ce, "To fa! Ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa mace da salansar babur?" Ki yi haƙuri ki biyo ni a sannu 'yar'uwa, domin ni ma da haka nake cewa, har ranar da wani guntun ƙarfe da bai wuce tsawon muciya ba ya nemi shiga tsakanina da mijina, ya kuma nemi raba mu da maƙwabtan da muka shekara bakwai muna zaman amana da su.

Duk matar da mijinta ke da babur ta san abin da zan faɗa. Ko babura goma ne suka shigo layi, kina cikin ɗaki za ki ware ƙarar nasa daban, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta a cikin yara. Ni dai tun ina amarya, da na jiyo wannan ɗan gurnani mai laushi daga bakin lungu, sai in miƙe in gyara ɗaurin ɗankwali, in jefa turare a wuta, in kai ruwan wanka bayi. Kafin ya gama shigar da babur zaure na gama kimtsawa. Ƙarar nan ta zame mini kamar sallama, in na ji ta hankalina ya kwanta, na san Allah Ya dawo mini da shi lafiya.

To a daminar 2023 sai salansar ta huje. Tsatsa ce ta cinye ta tun daga ciki. Lokacin kuwa ba a daɗe da cire tallafin man fetur ba, kowane magidanci yana ji a jikinsa, sai maigida ya yi ta ɗaure ta da waya yana lallaɓawa. Ana nan sai abokansa na majalisa suka zuga shi, wai me zai sa ya kashe kuɗi a kan irin tsohuwar, alhali ga wata ta zamani mai ƙyalli, ga araha, ga amo kamar na manyan baburan tsere. Su dai maza in an zo maganar abin hawa, wallahi babbansu yaro ne.

Ranar da ya dawo da ita ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo. Sai na ji wata irin ƙara ta taso daga bakin titi, kai ka ce injin niƙa aka ɗoro a baro ake turowa. Kaji suka watse, tantabarun maƙwabta suka tashi, jaririyata 'yar wata huɗu da na samu ta yi barci da ƙyar ta tsandara ihu. Ina cikin cewa, "Wane marar mutunci ne wannan?" sai na ji ƙarar ta tsaya a ƙofar gidana. Ashe marar mutuncin nawa ne! Ya shigo yana washe baki ya ce, "Uwargida, kin ji kiɗa?"

Ni kuwa da ma raina a ɓace yake, ban tsaya ya ko sha ruwa ba na dira masa. Na ce, "Haba Malam! Da girmanka da 'ya'yanka? Wannan ai aikin 'yan tasha ne." Nan take fara'ar nan ta ɗauke. Ya ce, "Da kuɗinki na saya?" Na ce, ya ce, har maganar ta koma kan abin da ba shi ne a gabanmu ba, aka tono na bara da na bariya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kwana uku daga "ina kwana" sai "ga abinci", babu mai ƙara wa wani.

Amma don Allah bari in yi masa adalci, kada a ce na yi shari'a ni kaɗai. Yana da nasa dalilin. Sau biyu a wannan shekara ana kusa take shi a titi, sau ɗaya mai a-daidaita-sahu ne ya yanko masa ba sigina, sau ɗaya kuma wata mota ce ta matse shi har ya faɗa kwata ya ɗaye gwiwa. Shi a ganinsa in babur ɗinsa yana ruri, duk wanda bai gan shi ba zai ji shi. Ya ce mini, "Ke barcin yarinya kike ji, ni kuwa raina nake karewa." Wannan magana ta tsaya mini a wuya, don ba ni da amsarta a lokacin.

Haka muka ci gaba. Kullum bayan sallar asuba zai fita kasuwa, da ya buga kik sai layi duka ya amsa. In zai dawo da dare kuwa, da ya saki totur zai shiga kwana sai ka ji salansar ta yi "tau! tau!" kamar harbi. Yara suka sa masa suna Mai Jirgi. Na je sunan wata a bayan layinmu, ina shiga na ji wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Ga matar Mai Jirgi nan." Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe, amma ko shinkafar sunan ban iya ci ba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Iya. Ita ta yi mini wankan jegon fari lokacin da mahaifiyata ba ta da lafiya, ita ke aiko mini da kunun kanwa, ita ce in na rasa gishiri ko daddawa nake leƙawa ta kan katanga in kira. Iya tana da tabon da duk unguwa ta sani amma ba a taɓa shi. Duk wanda ke Kano bai manta da ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 ba, ranar da bama-bamai da harbe-harbe suka tashi a wurare da dama bayan la'asar, aka rasa rayuka sama da 150. Babban ɗan Iya ya fita neman abinci a wannan rana, sai gawarsa aka kawo mata. A shekarun nan kuma an sha kai hari a kan babur, har ta kai a watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a birnin. Saboda haka a kunnen Iya, ƙarar babur mai tafe da "tau! tau!" ba abin wasa ba ce.

Ni duk ban kawo wannan a raina ba, Allah Ya yafe mini. Sai wata safiya surukar Iya ta leƙo aron turmi, na ga idonta ya yi ja. Na ce, "Lafiya?" Ta yi shiru, ta yi shiru, can ta ce, "Jiya ba mu runtsa ba. Lokacin da maigidanki ya shigo layi Iya tana alwala. Da ta ji ƙarar nan sai ta yar da buta, ta kwashi yara tana tura su ƙarƙashin gado, tana kiran sunan marigayi. A garin haka ta zame ta bugu a ƙugu. Da safe da aka auna jininta ya hau sosai." Ta ce wannan ne karo na uku, amma Iya ta hana kowa ya faɗa mana.

Na zari mayafi na shiga. Na same ta kwance a kan tabarma, carbi a hannu. Na durƙusa na kasa cewa komai sai hawaye. Ta kamo hannuna ta ce, "'Yar nan, kada ki gaya masa. Neman halalinsa yake fita. Ni ce tsufa ya sa mini tsoro." Wallahi 'yan'uwa, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da na dawo gida na zauna na yi tunani. In na sake tarar sa da faɗa, taurin kai zai ƙara, tun da na riga na taɓa masa girma. In na yi shiru kuma, alhakin tsohuwar nan yana wuyanmu. Sai na tuna da autanmu, wanda ya shekara tara yana gyaran babura. Na aika aka kira shi, na ce ya zo da rana lokacin da maigida ke dawowa cin abinci ya yi ƙailula.

Auta ya tsuguna a zaure ya leƙa cikin salansar, ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce, "Yaya, ai wannan ba salansa ba ce, bututu ne kawai aka yi wa kwalliya. Leƙa ki gani, fayau take." Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ashe a cikin inji wuta ce ke tashi, fetur da iska suna fashewa sau dubbai a minti ɗaya, kowace fashewa kuma tana tunkuɗo hayaƙi mai zafi da ƙarfi. Salansa ta gaskiya tana da ɗakuna-ɗakuna a ciki, da bututu mai ƙananan huji, wata kuma da wani abu kamar auduga wanda ba ya cin wuta. Hayaƙin sai ya bi ta nan ya bi ta can, ƙarfinsa ya karye, kafin ya fito ya yi laushi. In aka cire waɗannan, to fashewar tsirararta za ta fito.

Na ce, "To wannan harbin da take yi fa?" Ya ce ragowar fetur ne da bai ƙone a inji ba, yake haɗuwa da iska a cikin bututu mai zafi ya kama. Ya ce tun da hayaƙi yana fita ba shamaki, lissafin kafireto ya canja, iska ta yi wa mai yawa, ga shi kuma wanda ya ɗaura ta bai sa sabon gasket ba, iska na shiga ta wuyanta. Ya kwance fulogi ya nuna mini bakinsa ya yi fari fat. Ya ce, "Kin ga wannan? Lafiyayyen fulogi kalar shayi da madara yake yi. In ya yi fari haka, inji yana ɗaukar zafi fiye da kima, a kwana a tashi zai iya ƙona bawul." Ni kuwa a raina na ce, Bahaushe ya yi gaskiya, in ganga ta faye zaƙi fashewa za ta yi.

Da maigida ya fito zai koma kasuwa ya tayar da babur, Auta ya ciro wayarsa kamar da wasa, ya buɗe wata manhaja mai auna ƙara. Bayan ya tafi ya nuna mini, lambar ta haura 100. Ya ce waya ba ta kai na'urar ma'aikata daidaito ba, amma tana ba da haske. Ma'aunin sunansa desibel. Hirar da ni da ke za mu yi ba ta wuce 60. Masana lafiyar kunne sun ce daga 85, wanda ke wuni cikinta awa 8 kullum jinsa zai fara lalacewa, in ta kai 100 kuwa minti 15 ya isa a rana. Kuma duk ƙarin 10, kunne yana jin kamar an ninka ƙarar ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Na dubi jaririyata da ke goye, na tuna ɗakinmu ne ke jikin zaure.

Ya ƙara da cewa ko ta fuskar hukuma akwai magana. Tun 2009 hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin hana yawan ƙara, kuma jami'an duba lafiyar abin hawa suna da ikon tare wanda salansarsa ba ta aiki. Game da dalilin maigida na kare rai kuwa, Auta ya ce, "Yaya, ina bakin salansa yake kallo?" Na ce, "Baya." Ya ce, "To yawancin ƙarar can take tafiya. Direban da ke gaba, ya ɗaga gilashi ya kunna rediyo, ba zai ji ba sai babur ya zo gefensa. Waɗanda ke shan ƙarar su ne na cikin gida. In yana son a gan shi, ya kunna fitila ko da rana, ya gyara hon, ya sa riga mai haske da hular kwano."

Sai na tambaye shi mafita, don na san in na ce a koma wa irin tsohuwar, maigida zai ga kamar na kayar da shi ne a gaban abokansa. Auta ya ce akwai tsaka-tsaki. Ana yin salansa mai kyan gani, mai amo mai kauri, amma da wata toshiya a bakinta wadda noti ɗaya ke riƙe da ita. Wata toshiyar juya ta ake yi, hujojin su rufe ko su ɗan buɗe, sai ƙarar ta ragu ko ta ƙaru. Akwai masu wani ɗan murfi a cikin bututu da ake ja da waya, har da masu rimot, amma waɗannan tsada gare su, kuma sun fi dacewa da manyan babura. Ya ce wasu na ƙwarai za ki ga an buga musu harafin E da lamba a jiki, alamar an gwada su bisa ƙa'idar ƙasashen Turai, sai dai wannan shaida tana aiki ne muddin toshiyar tana ciki. Da an zare ta, an koma gidan jiya.

A daren nan na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, abin da ya fi so. Na bari ya ci ya ƙoshi, ya sha ruwa, yara sun yi barci. Na zauna kusa da ƙafarsa na ce, "Malam, da farko ka yafe mini maganar da na faɗa maka ranar nan. Bakina ne ya fi salansarka ƙara." Ya yi murmushi bai shirya ba. Sannan na ba shi labarin Iya tiryan-tiryan, da buta, da ƙarƙashin gado, da abin da ta ce mini. Ban ce ya cire ba, ban ce ya bari ba. Na ɗauko kuɗin adashina da na kwasa a satin, wanda na yi niyyar cika keken ɗinki da shi, na ajiye a gabansa na ce, "Auta ya ce akwai wata mai kyau da ake rage mata murya. In ka ga ya dace, ga gudummawata."

Ya daɗe bai ce uffan ba. Can na ji ya ce, "Inna lillahi. Ni na kwana uku ina tayar wa Iya da wannan ciwo?" Ashe shi yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar ɗan nata. Da asuba ina kwance ina jiran ƙarar nan, sai na ji shiru. Na leƙa ta taga, na hango shi yana tura babur da hannu, har sai da ya kai bakin titi sannan ya tayar. Da yamma ya sayo lemo da ayaba ya shiga ya gaishe da Iya. Abin da suka faɗa wa juna bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar Lahadi suka tafi Ƙofar Ruwa shi da Auta suka zaɓo. Rabin kuɗina ya ɗauka, ya cika da nasa. A tsakar gida aka ɗaura ta, ina zaune ina gyaran zogale ina kallo. Auta ya bari inji ya huce sarai, ya ɗiga baƙin mai a kan notina biyun da ke riƙe da wuyan salansa a jikin inji, don in sun yi tsatsa aka matsa musu da ƙarfi karyewa suke yi. Ya cire tsohon gasket ya sa sabo. Ya rataya sabuwar salansar sakwa-sakwa tukuna, ya tabbatar ba ta taɓa birki ko taya ba, sannan ya bi notinan yana ɗaurewa kaɗan-kaɗan, wannan ya juya, wancan ya juya, ya fara daga wajen inji. Ya goge ta tas da tsumma, ya ce shatin hannu in ya sha zafi zama yake yi. Da aka tayar, ya kara tafin hannunsa kusa da mahaɗar ya ji ko iska na fita. Daga nan ya saita kafireto, ya zagaya layi sau biyu, ya dawo ya juya toshiyar zuwa inda ta fi rufewa, ya ɗaure notinta tamau. Ya ce bayan sati a dawo ya sake bin notinan ya duba fulogi, don zafi da jijjiga suna sassauta su.

Amon da ta fitar mai kauri ne, mai taushi, kamar gurnanin kyanwa a cinya. Harbin nan ya ɗauke ɗif. Maigida ya ɗan ɓata fuska ya ce, "Anya ba ta yi sanyi da yawa ba?" Auta ya ce, "Yaya, in ka hau hanyar Zariya ka ɗan buɗe mata kaɗan. Amma kada ka kuskura ka zare ta gaba ɗaya." A nan suka yi alƙawari a gabana, cikin gari a rufe, toshiya kuma ba ta fita.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga ranar komai ya zama zuma ba. Sau ɗaya ya dawo daga tafiya ya manta bai mayar da ita ba, sai da na tuna masa. Abokan majalisa sun yi ta tsokanarsa wai mace ta rufe masa baki, ya kwana biyu yana cika yana batsewa. Keken ɗinkina kuwa sai da na jira wani zagayen adashi, wata biyar cur. Ƙugun Iya har yau in sanyi ya shigo yana taso mata, kuma duk ranar da na ga tana dafa bango sai na ji kunya ta rufe ni. Amma tana barcinta, kunun kanwa bai daina tsallako katanga ba, sunan Mai Jirgi ma ya bi ruwa.

'Yan'uwana iyayengiji, abin da na koya shi ne, ƙara ba ta san katanga ba. Abincinki naki ne, ɗakinki naki ne, amma duk abin da ya fita daga gidanki ya shiga kunnen wani, to ya zama haƙƙi. Ba babur kaɗai ba, har janareton da muke jinginawa a jikin tagar maƙwabta, da rediyon da muke ƙurewa muna wanke-wanke, da daka a tsakar dare. A Islamiyya an karantar da mu wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa a kan sassauta murya, mun haddace, amma sai mu bar ta a aji. Kuma maƙwabcin da bai yi ƙorafi ba, kada ki ɗauka bai cutu ba, wataƙila kara yake yi miki irin ta Iya. In kin ga maigida ya ɗauko abin da zai zubar masa da mutunci, kada ki yi irin tawa ta farko, kada kuma ki kama baki ki ce ba ruwanki. Ki nemi sanin abin tukuna, ki ji dalilinsa, ki zaɓi lokaci, sannan ki zo masa da mafitar da zai karɓa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ku kuma 'yan mata, ga tawa shawarar kyauta. In saurayi ya zo zance, kafin ki dubi shaddarsa da agogonsa, ki saurari yadda yake shigowa layinku. Wanda ya san akwai iyayenki a ciki, da tsofaffi da marasa lafiya, amma ya murɗa totur don a san ya iso, to ki yi tunani tun ran gini tun ran zane.

Jiya da magariba ina cikin ɗaki, babura suna ta wucewa, sai na jiyo wani ɗan gurnani mai laushi daga bakin lungu. Na miƙe na gyara ɗankwali, na jefa turare a wuta. Ta bayan katanga na ji Iya tana ce wa jikokinta, "Ku kauce daga hanya, ga babanku nan ya dawo."

Allah Ya ba mu zaman lafiya da mazajenmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtanmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin summa amin.